Wa Klitschko Ya Buge? Fashin Baƙi a Kan Sarautar da Ta Haura Shekara Tara

Tun da Oleksandr Usyk ya doke Anthony Joshua sau biyu, ya koma ya doke Tyson Fury sau biyu, wata tsohuwar gardama ta sake tashi a fadodin Damagaram, daga Birni har Zango da Sabon Gari, a bakin masu bin damben Turawa ta waya da ta Canal+. Ba a kan Usyk ake gardamar ba. A kan ɗan ƙasarsu ake yin ta, Wladimir Klitschko na Yukren, wanda ya riƙe sarautar ajin masu nauyi daga Afrilun 2006 zuwa Nuwamban 2015. Lissafin samari ba shi da wuya. Suna cewa Fury ya buge Klitschko, Joshua ma ya buge shi, Usyk kuma ya haɗa su biyun ya buge, ashe dai Klitschko ba kowa ba ne, sa'a ya yi ya zo lokacin da babu maza a fili. Masu goyon bayansa kuwa sai su ɗauko lambobi: wasa 69, nasara 64, daga ciki 53 ba a kai ƙarshe ba, ga zinariyar Olamfik ta Atlanta a 1996, ga kare kambu sau 18 a jere. Duk ɓangarorin biyu sun riƙe wani yanki na gaskiya, amma kowa ma'auninsa a karkace yake.

Abin da ya sa tambayar "wa ya buge?" take da nauyi a damben Turawa shi ne yadda aka tsara harkar kanta. A kokowar ƙasarmu, wadda aka soma gasarta a Tawa a 1975, jihohi takwas ne ke kawo ƴan kokowarsu, kowa ya gamu da wanda tsari ya haɗa shi da shi, wanda aka kayar ya fita daga neman takobi. Ko da ana musu a kan ko Issaka Issaka ya fi su Kantu da Langa-Langa, ba mai cewa shi ya zaɓi abokan karawarsa. A damben Turawa kuwa hukumomi huɗu ne, WBA da WBC da IBF da WBO, kowace da kambunta, da jerin gwanayenta, da kuɗin da take yanka a kan kowane wasan kambu. Zakara kan yi wasa biyu a shekara, wani lokaci ɗaya. Wani wasan hukuma ce ke tilasta masa, wani kuma shi da dillalansa da gidan talabijin ne ke zama su zaɓi wanda zai kawo kuɗi ba tare da haɗari mai yawa ba. Saboda haka idan aka ce mutum ya kare kambu sau 18, sai an buɗe jakar an duba abin da ke ciki.

In aka buɗe ta Klitschko, akwai tarkace, ba a ɓoye wannan. Jean-Marc Mormeck na Faransa yana da shekara 39 lokacin da suka haɗu a 2012, kuma asalinsa ɗan ajin ƙasa ne. Francesco Pianeta tsohon abokin atisayensa ne. Alex Leapai, Ray Austin, Mariusz Wach, da Hasim Rahman wanda ya zo a 2008 bayan ƙarfinsa ya tafi, duk waɗannan ba su ƙara wa kowa daraja. Sai dai babu zakaran da ya daɗe wanda ba shi da irinsu. Joe Louis, mai kare kambu sau 25 tsakanin 1937 da 1949, ya yi wani zango a 1940 da 1941 yana dambe kusan kowane wata da mutanen da ƴan jaridar Amurka suka mayar abin dariya. Muhammad Ali ma bayan ya doke George Foreman a Kinshasa a 1974 ya karɓi kuɗi a kan su Chuck Wepner da Jean-Pierre Coopman da Richard Dunn. Ba a auna zakara da mafi raunin waɗanda ya buge, da manyansu ake auna shi.

Manyan Klitschko su ne Chris Byrd, Samuel Peter, Sultan Ibragimov, Ruslan Chagaev, David Haye, Alexander Povetkin da Kubrat Pulev. Abin da ya kamata a duba ga kowannensu shi ne halin da yake ciki ranar da aka buga ƙararrawa, da abin da ya yi wa wasu kafin nan da bayan nan. Byrd ya doke David Tua da Evander Holyfield, kuma kambun IBF yana hannunsa lokacin da Klitschko ya tsayar da shi a turmi na 7 a Mannheim a 2006. Ibragimov yana riƙe da kambun WBO, ba a taɓa doke shi ba, sai a Madison Square Garden a 2008, daga nan kuma bai sake sa safar dambe ba. Chagaev shi ne ya fara doke ƙaton nan na Rasha, Nikolai Valuev, shi ma ba a taɓa doke shi ba kafin 2009. Haye ya haɗe kambunan ajin ƙasa, ya hau sama ya karɓe na WBA, ya cika duniya da baki, amma a Hamburg a Yulin 2011 ya yi turmi 12 yana kewaye-kewaye, da aka tashi sai ya cire takalmi yana nuna wa kyamara ɗan yatsan ƙafarsa wai ya karye. Povetkin ya ci zinariyar Olamfik a Atina a 2004, ya zo da nasara 26 babu faɗuwa, kuma shekara bakwai bayan Klitschko ya doke shi, yana dab da shekara 41, ya shimfiɗe Dillian Whyte da naushi ɗaya. Pulev ya zo da nasara 20 babu faɗuwa, aka kwantar da shi a turmi na 5 a 2014, kuma bai sake faɗuwa ba sai a hannun Joshua a 2020.

Waɗannan ba ragwaye ba ne. Amma kuma babu Joe Frazier a cikinsu, babu George Foreman. A nan ne maganar take da sarƙaƙiya, domin darajar abokin karawa daga wajen wasu take fitowa. Me ya sa muke ganin girman Frazier? Saboda ya doke Ali a 1971. Me ya sa muke ganin girman Foreman? Saboda ya kayar da Frazier sau shida cikin turmi biyu a Kingston a 1973. Ken Norton kuma saboda ya karya wa Ali muƙamuƙi a wannan shekarar. Kowannensu ya ci wani, wani ya ci shi, sunan kowa ya ɗaga na ɗan'uwansa. Zakaran da ya danne zamaninsa kakaf kuwa hana abokan karawarsa suna yake yi, domin duk wanda ya taso, kafin ya zama wani abu an kai shi gabansa an rufe babinsa. Da Povetkin ya yi sa'a ya doke Klitschko a Mosko, aka sake haɗuwa Klitschko ya rama, da yau ana kiran Povetkin gwarzo, ana cewa Klitschko ya buge gwarzo. Wato faɗuwa ce za ta ƙara masa daraja a idon mutane, abin da hankali ba zai ɗauka ba.

Akwai kuma wanda ke ba da labarin. Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, ƴan dambenta da a da ba a barinsu su yi wasan kuɗi suka bazu duniya. Zuwa tsakiyar 2006 duk kambuna huɗu na masu nauyi suna hannun mutanen da aka haifa a cikinta: Klitschko, Oleg Maskaev, Valuev da Siarhei Liakhovich. Ajin da Amurka ta saba gani nata ne ya koma filayen ƙwallon Jamus, a gaban dubban ƴan kallon da ba Ingilishi suke ji ba. Ƴan jaridar da duniya ta fi karantawa a kan dambe kuwa Amurkawa ne da Ingilawa. Ba ina cewa duk sukar da suka yi son kai ba ne, domin gaskiya ne manyan samarin Amurka masu jiki sun fi karkata ga ƙwallon kwando da ƙwallonsu na zari-ruga inda kuɗi ya fi tabbas, ajin kuma ya rage kauri. Amma wanda bai iya furta sunan Chagaev ba, da wuya ya zauna ya binciki abin da Chagaev ya iya.

Babban giɓin da ke cikin tarihinsa yana cikin gidansu. Mutum na biyu mafi ƙarfi a wancan zamanin, wasu ma suna cewa na farko, wansa ne, Vitali, wanda ya riƙe kambun WBC daga 2008 har ya ajiye shi a 2013, yanzu kuma shi ne magajin garin Kiev tun 2014. Sun yi wa mahaifiyarsu alkawari ba za su taɓa dambe da juna ba, kuma sun cika. Ba Bahaushen da zai ga laifin wannan, wa zai so a ce ƴaƴansa ciki ɗaya suna fasa wa juna fuska don kuɗi? Sai dai a ma'aunin dambe abin yana da farashi. Wladimir bai taɓa haɗa kambuna huɗu ba, kuma shekaru da dama cikin sarautarsa akwai mutum ɗaya a raye, cikin ƙarfinsa, wanda ba a san yadda za su kwashe ba. Ƙari a kan haka, rabon abokan gaba suka yi. Wasu sun bi ta hannun wa, wasu ta hannun ƙane, don haka ko kaurin da zamanin yake da shi an raba shi biyu.

Sai maganar salo, wadda a ganina ita ce ainihin abin da ke hana mutane ƙaunarsa, ko da bakinsu yana faɗin wani abu dabam. Klitschko na farko mai kai hari ne, kuma sau uku ana tsayar da shi. Ross Puritty ya bar shi ya gaji a Kiev a 1998, ya gama da shi a turmi na 11. Corrie Sanders, bahagon Afirka ta Kudu mai shekara 37, ya kayar da shi sau huɗu a Hanover a 2003, wasan bai wuce turmi na 2 ba. Lamon Brewster ya sha duka turmi huɗu a Las Vegas a 2004, har ya taɓa ƙasa, a na 5 kuma numfashin Klitschko ya ƙare. A wannan shekarar ce Emanuel Steward na Detroit, wanda ya horar da Lennox Lewis, ya karɓe shi, ya sake gina shi a kan abu ɗaya: kada haɓarsa ta sake shiga inda za a taɓa ta.

Duk wanda ya kalli wasansa da Povetkin a Oktoban 2013 ya ga ginin ƙarara. Mutum ne mai tsawon mita 1.98. Zai miƙa hannun hagu kamar mai auna nisa, ya riƙa caka shi a fuska, ƙafar baya a shirye. In abokin karawa ya tsaya daga nesa, daman ta biyo a miƙe. In ya sunkuya ya kutso ciki, inda gajere ke cin abincinsa, sai Klitschko ya rungume shi, ya ɗora masa ƙirji da hammata a wuya, ya sake masa nauyin kilo fiye da 100, har alƙalin fili ya zo ya raba. A koma nesa, a sake. Povetkin ya faɗi sau huɗu, wasu faɗuwar ma da turi a ciki, aka cire wa Klitschko maki ɗaya a turmi na 11, duk da haka alƙalai uku suka rubuta 119 da 104. Wasan ba daɗin kallo, kuma da an samu alƙalin fili mai tsanani da ya tsawata tun da wuri. Wannan suka ce ta gaskiya. Amma wanda ya ce wasan bai yi daɗi ba, sannan ya ce Povetkin rago ne, ya haɗa magana biyu da ba su da dangi. Hana gwani yin abin da ya iya shi ma gwaninta ce, sai dai ba ta sa mai kallo ya miƙe tsaye.

Wanda ke shakkar zuciyarsa kuwa ya nemi wasansa na farko da Samuel Peter, ɗan Najeriya daga Akwa Ibom, a Atlantic City a Satumban 2005. Peter bai taɓa faɗuwa ba a lokacin, hannunsa kuma guduma ne. Ya kai Klitschko ƙasa sau biyu a turmi na 5, ya ƙara a na 10. Mutumin da kowa ya gama yanke masa hukunci cewa haɓarsa ba ta da ƙwari ya tashi duka ukun, ya girgiza Peter da hagu a turmi na 12, ya ci wasan da maki 114 da 111 a takardun alƙalai uku. Peter ɗin nan ya je ya ci kambun WBC a 2008. Daga faɗuwarsa hannun Brewster har zuwa Fury, wasa 22 Klitschko ya yi bai faɗi ko ɗaya ba.

A wata fada da ke kusa da Kasuwar Dole, wani saurayi ya jero wa wani dattijo tela lissafin nan na Fury da Joshua da Usyk, yana zuba shayi na biyu. Dattijon, wanda tun zamanin da Issaka Dabore ya kawo wa Nijar tagulla daga Munich a 1972 yake bin dambe a rediyo, ya ce masa: "Yaro, Foreman ya ragargaza Frazier, ya ragargaza Norton, ko ba haka ba?" Ya ce, "Haka ne, Baba." Ya ce, "Su biyun kuma kowa ya taɓa doke Ali. To a lissafinka wa ya kamata ya ci a Kinshasa?" Saurayin ya yi dariya ya miƙa masa kofi. Ali ne ya ci, a turmi na 8, ranar 30 ga Oktoban 1974. Dambe ba ya bin sarƙar wane ya buge wane, domin abin da ke kashe wani salo shi ne abincin wani.

Tsufa kuma yana ƙara rikita sarƙar. Rocky Marciano ya fitar da Joe Louis ta tsakanin igiyoyi a 1951, Louis yana da shekara 37. Larry Holmes ya yi wa Ali dukan da ya sa mutane hawaye a Las Vegas a 1980, Ali yana da 38. Mike Tyson ya kwantar da Holmes a 1988, shi ma yana da 38. Lewis ya gama da Tyson a 2002. Kusan kowane sabon sarki a kan gawar sunan tsohon yake hawa, kuma ba mai hankalin da ke cewa Holmes ya fi Ali saboda daren nan na Las Vegas. Klitschko yana da shekara 39 ranar da ya haɗu da Fury, yana da 41 ranar da ya haɗu da Joshua.

Duk da haka ban yarda a share faɗuwar biyu da tsumma ɗaya ba, don ba iri ɗaya ba ne. Ta Fury, a Düsseldorf ranar 28 ga Nuwamban 2015, tana rage masa. Shekara ɗaya kafin nan ya shimfiɗe Pulev, don haka ba a ce ƙarfi ya ƙare ba. Abin da ya faru shi ne karo na farko a sarautarsa ya tsaya gaban wanda ya fi shi tsawo, ya fi shi dogon hannu, kuma yana motsi, yana juya tsayuwa daga dama zuwa hagu. Duk ginin Steward a kan gajeru aka yi shi, Steward ɗin kuma ya rasu tun 2012. Kamfanin CompuBox mai ƙidayar naushi ya ce 52 kacal Klitschko ya saukar a turmi 12. Ya riƙe daman nan tasa yana jiran lokacin da bai zo ba. Wannan ya nuna cewa dabara ɗaya gare shi, ranar da ta ƙi ci kuma ba shi da ta biyu, kuma dole a rubuta masa wannan. An sa ranar ramuwa sau biyu a 2016, duka biyun daga ɓangaren Fury aka fasa.

Ta Joshua kuwa, a Wembley ranar 29 ga Afrilun 2017 gaban mutum 90,000, ƙara masa ta yi. Ya shekara ɗaya da wata biyar bai yi wasa ba, ya zo gaban yaro mai shekara 27 wanda duk wasanninsa 18 ba wanda ya kai ƙarshe. Joshua ya kayar da shi a farkon turmi na 5, ya ɗaga hannuwa yana murna, ashe ya zubar da numfashinsa. Tsohon ya tashi da jini a gira, kafin turmin ya ƙare shi ke korar yaron. A na 6 ya saukar masa da dama a miƙe, Joshua ya zube, faɗuwarsa ta farko tun da ya shiga wasan kuɗi. A nan ne masana suka rabu, wasu suna cewa da ya bi shi a turmi na 7 da ya gama, shi kuwa ya koma ga taka-tsantsan ɗin da ya saba, ya bar yaron ya farfaɗo. A na 11 wani naushi daga ƙasa ya ɗaga masa haɓa, ya faɗi sau biyu, alƙalin fili ya tsayar. A watan Agusta ya yi ritaya. Mutane da yawa a daren da ya faɗi suka fara girmama shi, abin da kare kambu sau 18 a jere bai sa sun yi ba.

In an tambaye ni inda zan ajiye shi, ba ya kusa da Ali da Louis. Da Holmes ya fi kama, wanda ya kare kambu sau 20, shi ma aka yi ta cewa ya zo bayan maza sun watse, sai da shekaru suka wuce aka dawo ana ba shi haƙƙinsa. Wanda ke zaune a samansa ba tare da gardama ba shi ne Lennox Lewis, kuma dalilin ba yawan kambu ba ne. Sau biyu aka doke Lewis, Oliver McCall a 1994 da Hasim Rahman a Afrilun 2001, ya koma ya rama a kan kowannensu, na Rahman ma cikin shekarar. Wasansa na ƙarshe a Yunin 2003, yana da shekara 37, da Vitali ya yi shi, aka tsayar bayan turmi na 6 saboda tsagewar da ke saman idon Vitali, ko da yake Vitali ne ke gaba da maki. Wladimir kuwa cikin mutum uku da suka tsayar da shi yana da ƙuruciya, Brewster kaɗai ya rama a kansa, a 2007. Puritty da Sanders, wansa ne ya je ya karɓo masa bashin, ɗaya a 2001, ɗaya a 2004.